Tambayoyi Biyun da Na Cire daga Takarda

A makon da na miƙa mabuɗin firiza ga wadda za ta gaje ni a ɗakin gwaje-gwajen da na shekara shida a cikinsa, na ɗauko kwalin tsofaffin takardun tambayoyinmu da niyyar mayar da shi ma'aji, sai na zauna ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya har la'asar ta yi. A gefen kusan kowace takardar da mace ta amsa akwai ɗan rubutu da fensir, wani wurin harafi ɗaya ne, wani wurin kwanan wata, kuma ba hannuna ba ne. Wannan rubutu shi ya ceci abin da ya saura na aikin digirina na uku, bayan ni da kaina na shekara biyu ina kallonsa ban ɗauke shi a bakin komai ba. Waɗanda muka yi aiki tare sun san labarin a guntule, akasarinsu kuma daga bakin wani suka ji shi, don haka nake son in faɗe shi yadda ya auku kafin in tafi.

Tambayar da ta kawo ni wannan fage tsohuwa ce: me ya sa mata suka fi maza kamuwa da ciwon damuwa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 kimanin mutum miliyan 280 ne ke fama da ciwon damuwa a duniya, kuma a ƙasashe masu yawa an tarar mata sun kusa ninka maza a kamuwa da shi. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lokacin da tazarar take ɓullowa, domin kafin balaga yara maza da mata kusan kunnen doki suke yi, sai a wajen shekara 12 zuwa 13 lissafin 'yan mata ya fara hawa, ya kuma zauna a sama har tsawon shekarun haihuwa. A ɗaya gefen, garkuwar jikin mace ta fi ta namiji saurin tashi da zafin martani, shi ya sa kusan takwas cikin goma na masu cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita mata ne, a ciwon lufus ma tara ne cikin goma.

Abin da muke zargin yana haɗa garkuwar jiki da damuwa shi ne kumburi, amma ba irin wanda ido ke gani a ƙafa ko a dasashi ba ne. Wani yanayi ne da garkuwar jiki ke zama a kunne a hankali, tana sakin sinadaran saƙo da ake kira saitokin, irin su IL-6, wanda shi ke umartar hanta ta sarrafa furotin ɗin CRP da muke aunawa a jini. Tun a 1991 Ronald Smith ya kawo ra'ayin cewa waɗannan sinadarai suna iya haddasa ciwon damuwa, kuma hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga marasa lafiyar da aka yi wa magani da intafaron, wanda shi kansa saitokin ne. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2001, kan masu kansar fata da ake ba su intafaron mai yawa, kashi 45 cikin ɗari na waɗanda ba a ba su maganin damuwa tun da farko ba sun faɗa cikin ciwon a cikin mako 12, alhali kashi 11 ne kawai cikin waɗanda aka riga aka ba su. An kuma san wasu daga cikin hanyoyin da abin ke bi: kumburi yana karkatar da sinadarin tiriftofan daga hanyar da ake samar da sirotonin zuwa wata hanya dabam, yana kuma rage aikin dofamin, dukansu biyu sinadaran ƙwaƙwalwa ne masu tasiri a kan yanayin zuciya, sai mutum ya ji kasala da rashin sha'awar komai, kamar yadda mai zazzaɓi ke ji.

Da na jera waɗannan abubuwa uku a gabana, sai na ga kamar amsar ta fito da kanta: mata sun fi kumburi, kumburi yana kawo damuwa, ashe sinadaran jinsi, irin su istirojin da ya fi yawa a mata da testosteron da ya fi yawa a maza, su ne ke hura wutar. Tsarin aikina bai wuce in ɗebi jini sau ɗaya daga kowane mutum ba, in auna CRP da IL-6 da istirojin da testosteron, sannan in haɗa su da makin da ya samu a takardar auna damuwa.

A daftarin farko na takardar akwai tambayoyi biyu da na sa wa mata: yaushe ne ranar farko ta al'adarki ta ƙarshe, sannan kina amfani da ƙwayar tazarar haihuwa ko allura ko wani magani mai sinadarin jinsi a ciki? Farfesan da ke duba aikina ya ja musu layi da jan biro. Ya ce takardar ta yi tsawo, mata za su gaji su tashi, kuma ai idan aka zo lissafi kwamfuta za ta daidaita bambancin jinsi. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ina ganin istirojin yana sauyawa da kwanakin wata." Ya ce in adadin mutane ya yi yawa, duk wannan zai baje. Ban ƙara cewa komai ba, kuma a nan ne laifina yake, domin ba hujjarsa ce ta gamsar da ni ba. Gaskiyar magana ita ce na ji sanyi a raina da ya cire su, saboda ina jin nauyin in zauna gaban matar da ta haife ni, ko sa'ar ƙanwata, in tambaye ta kwanan al'adarta. Kunyata ta samu mafaka a bayan umarnin babba, ni kuma na kira abin biyayya.

Mai ɗibar mana jini wata dattijuwar ma'aikaciyar jinya ce da kowa ke kira Sista, wadda ta yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin ta dawo wurinmu. Ranar da sababbin takardu suka iso, ta juya shafi na uku ta ce, "Malam, ina tambayar ƙwaya?" Na ce Farfesa ya cire. Ta ce, "To jinin mai shan ƙwaya da na wadda ba ta sha ai ba ɗaya ba ne, ɗana." Na ce mata an riga an buga, ba za a sake ba. Ba ta yi gardama ba. Ta ci gaba da aikinta, sai dai a lokacin da take ɗaure wa mace dantse tana laluben jijiya, takan yi mata tambayoyin nan biyu cikin hira, ta rubuta da fensir a gefe. Ina ganin rubutun duk lokacin da nake shigar da bayanai a kwamfuta, amma tunda babu gurbinsa a jadawalina, sai in tsallake.

Sakamakon ya fito da kyau har ya wuce yadda na yi fata. CRP na mata ya ɗara na maza sosai, kuma a cikin matan, masu CRP mai yawa sun fi samun makin damuwa mai yawa. Farfesa ya ɗauki zanen ya kai shi taro, ya gabatar da shi da sunansa a gaba, ya dawo yana yaba mini a gaban ɗalibai. Na rubuta babi biyar a kan wannan ginshiƙi.

Ranar kare kundi, mai jarrabawar da aka gayyato daga waje likita ce masaniyar sinadaran jiki. Ta saurare ni har na gama, ta buɗe shafin da zanen yake, ta ce, "Mata nawa ne a cikin waɗannan ke shan ƙwayar tazarar haihuwa?" Na ce ba mu tambaya ba. Ta cire tabarau ta ajiye, sannan ta yi mini bayanin abin da ya kamata in sani tun shekarar farko. Istirojin ɗin da aka haɗiya ta baki, daga hanji hanta yake fara zuwa kafin ya zaga jiki, hanta kuwa ita ce masana'antar CRP, don haka ƙwayar takan ɗaga shi ko da babu wata cuta a jikin mace. Istiradiyol, wani nau'in istirojin, idan aka liƙa shi a fata ba ya yin haka, saboda bai bi ta wannan ƙofa ba. Bayan haka, babban binciken da aka yi a Denmak kan mata fiye da miliyan ɗaya, wanda aka buga a 2016, ya nuna alaƙa tsakanin amfani da waɗannan magunguna da fara shan maganin damuwa, musamman a 'yan mata matasa. Ke nan akwai abu guda da ke riƙe da bakin igiyar biyu, ni kuma ban auna shi ba. Ta ƙara da cewa istirojin ɗin da na auna ma ba shi da ma'ana, domin yakan ninka sau da yawa tsakanin farkon wata da lokacin sakin ƙwai, ƙwayar kuma tana danne na jiki, irin wanda ke cikinta kuwa gwajin da muka yi ba ya ganinsa. Daga nan ta koma kan maza ta tambayi ƙarfe nawa ake ɗibar jininsu, tunda testosteron da safe yake kai ƙololuwa ya sauka da yamma. Mu kuwa duk lokacin da mutum ya zo muke ɗiba.

Gumi ya keto mini, amma duk wannan zan iya ɗauka, domin gaskiya ce. Abin da har yau bai bar raina ba shi ne abin da ya biyo baya. Shugaban zaman ya juya ga Farfesa, shi kuwa ya gyara zama ya ce ya sha jan hankalina a kan muhimmancin waɗannan tambayoyi, amma yaran yanzu ba sa jin magana. Daftarin da ya ja wa layi da jan biro yana cikin jakata a ƙarƙashin teburin a wannan lokaci. Na sa hannu na taɓa shi, ban fito da shi ba. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa ladabi ne ya hana ni, sai daga baya na yarda cewa lissafi ne, domin sa hannunsa nake buƙata kafin in fita. Aka ba ni shekara guda in sake aikin, aka kuma dakatar da tallafin da nake samu. Farfesa bai taɓa ɗaga maganar ba bayan wannan rana, ko a ofis ko a hanya, kuma na lura cewa zanen nan ya ɓace daga jawabansa ba tare da ya gaya wa waɗanda ya nuna wa cewa kuskure ne ba.

Kwana uku bayan haka Sista ta same ni a ɗakin firiza ta ce, "Malam, ka duba gefen takardunka kuwa?" Mako shida muka yi ni da ita muna bin su, tana fassara mini alamominta: wannan ƙwaya, wannan allura, wannan tana shayarwa, wannan al'adarta ta ɗauke. Akwai waɗanda fensirin ya dushe, akwai ranakun da ba ta zo aiki ba, don haka wani kaso ya tafi ke nan har abada. Da na ware masu shan ƙwaya, na kuma sa ƙiba a lissafi, tunda kitse shi ma yana sakin IL-6, sai alaƙar da na gina kundina a kai ta ragu a wajen mata har ta kusa ɓacewa. A wajen maza kuwa, waɗanda ban ba su ko rabin babi ba, ta tsaya da ƙafarta. Da na koma karatu na tarar Ford da Erlinger sun ga irin haka tun 2004 a bayanan lafiyar jama'ar Amurka, inda alaƙar CRP da ciwon damuwa ta fito fili a maza ba ta fito a mata ba. Takardar tana cikin jerin da na ambata a kundina na farko, amma taƙaitawarta kawai na karanta, na wuce abin da bai dace da ra'ayina ba.

A wannan shekara ta ƙari ce na fahimci cewa tun asali tambayar tawa a karkace take. Ina neman in ga wa ya fi yawan sinadari, alhali abin da ya fi muhimmanci shi ne yadda sinadarin ke sauyawa da yadda jikin kowane mutum ke karɓar sauyin. Peter Schmidt da David Rubinow da abokan aikinsu a Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka sun nuna haka a 1998: suka kashe aikin ƙwan mace na ɗan lokaci da magani, matan da ke shiga ƙunci kafin al'ada suka samu sauƙi, da aka mayar musu da istirojin ko furojestaron, ɗaya sinadarin da ƙwan ke samarwa, sai ƙuncin ya dawo, amma matan da ba su da matsalar tun farko ba su ji komai ba, ga shi kuwa sinadari ɗaya ne, adadi ɗaya. A 2000 suka kwaikwayi hawa da faɗuwar sinadaran ciki da haihuwa, sai biyar cikin mata takwas da suka taɓa yin damuwar bayan haihuwa suka sake jin alamunta, babu ko ɗaya cikin takwas ɗin da ba su taɓa yi ba. Haka nan a 2015, masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas suka yi wa masu lafiya allurar wani ɓangaren ƙwayar cuta mai tayar da kumburi na 'yan sa'o'i. Saitokin ya hau a jinin maza da mata duka, amma mata suka fi jin ƙunci da jin an ware su daga mutane. Ɗibar jini sau ɗaya ba za ta taɓa kama irin wannan ba, ko da na yi tambayoyin nan biyu.

Shi ya sa lokutan haɗari a rayuwar mace su ne lokutan juyi: balaga, kwanakin da ke gab da al'ada, jego, da shekarun da al'ada ke shirin ɗaukewa. Da zarar mabiyiya ta fita, istirojin da furojestaron da suka yi wata tara suna hawa sukan faɗo cikin 'yan kwanaki, garkuwar jiki kuma da ta lafa domin ɗan da ke ciki sai ta farfaɗo da ƙarfi. Tun 1938 likita Philip Hench ya rubuta cewa masu amosanin gaɓɓai kan samu sauƙi idan suna da juna biyu, kuma sananne ne cewa ciwon yakan dawo bayan haihuwa. Fiye da kashi 10 cikin ɗari na masu ciki da masu jego suna shiga ciwon damuwa, kuma daga wannan fahimta ce aka samo magunguna biyu na damuwar jego da Amurka ta amince da su a 2019 da 2023, dukansu suna kwaikwayon wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga furojestaron. A ɗaya ƙarshen kuma, gwajin da aka buga a 2018 kan mata 172 da ke kusa da ɗaukewar al'ada ko suka shiga cikinta ya nuna cewa kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka liƙa wa istiradiyol a fata ne suka nuna alamun damuwa, idan aka kwatanta da kashi 32 na waɗanda aka ba su abin da babu magani a ciki.

Maza ma na zalunce su a aikina na farko. Testosteron yakan kwantar da garkuwar jiki, amma hanyar ba ɗaya ba ce, domin rashin lafiya da rashin barci da ƙiba duk suna saukar da shi, kitse ma yana juya shi ya zama istirojin, don haka idan aka ga namiji mai damuwa da ƙarancin testosteron da CRP mai yawa, tilas a tambayi wanne ya riga wanne. Nazarin da ya haɗa gwaje-gwaje 27 a 2019 ya ga cewa ba da testosteron yana rage alamun damuwa a maza, amma wannan bai mai da shi maganin da kowa zai nema da kansa ba. Takardarmu kuma tana tambayar kuka da baƙin ciki, ba ta tambayar fushi da shaye-shaye da nutsewa cikin aiki, waɗanda ta nan ne damuwar maza da yawa ke fita, ga shi kuwa a cikin mutum fiye da 700,000 da ke kashe kansu a kowace shekara maza ne suka fi yawa.

Ina roƙon duk wanda zai ci gaba da wannan aiki kada ya sayar wa jama'a fiye da abin da ke hannunsa. Kimanin kashi ɗaya cikin huɗu ne na masu ciwon damuwa ke da CRP sama da miligiram 3 a lita, sauran ba ta wannan hanya ciwonsu ya zo ba. A gwajin Jami'ar Emory na 2013, da aka ba masu ciwon damuwa 60 ko dai maganin toshe saitokin ko ruwan da babu magani, babu bambanci gaba ɗaya, sai a waɗanda CRP ɗinsu ya haura 5 aka ga alamar amfani. Babu macen da ya kamata ta ajiye ƙwayarta, babu kuma wanda ya kamata ya fara shan maganin kumburi, saboda zanen da wani ɗalibi ya yi. Kada kuma sinadari ya rufe mana ido daga rayuwa, domin binciken Dunedin na ƙasar Niyu Zilan ya nuna a 2007 cewa waɗanda aka ci zarafinsu suna yara sun fi samun CRP mai yawa bayan sun girma, kuma duka da wulaƙanci da raino ba barci ba a raba su daidai tsakanin maza da mata ba.

Sauran darussan gajeru ne. Duk shawarar da babba ya yanke a kan aikinka, ka tura masa ita a rubuce a ranar, ka ajiye amsar. Ka rubuta ƙarfe nawa a jikin kowace kwalbar jini. Ka karanta takarda har ƙarshe kafin ka ambace ta. A 2016 Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa na Amurka suka wajabta wa masu neman tallafinsu su lura da jinsi tun daga tsarin bincike, don haka wanda ya ce maka kwamfuta za ta daidaita, ka nuna masa wannan.

Na kare kundin a karo na biyu, likitar nan ce ta sake zuwa, kuma ita ta fara miƙo mini takardar sa hannu. Da aka zo buga sakamakon a mujalla na nemi a sa sunan Sista cikin marubuta, Farfesa ya ce ba a saba ba, aka tura ta layin godiya a ƙarshen shafi, sunansa kuma ya zauna inda ya saba zama. Ta yi ritaya kafin mujallar ta fito, na kai mata kwafi har gida, ta sa tabarau ta nemo sunanta ta ce, "Allah ya yi albarka, ɗana." Sabuwar takardar da na bar wa magajiyata tana da tambayoyin nan biyu a shafin farko, da ta uku a kan shayarwa, da gurbin lokacin ɗibar jini. Ta tambaye ni ko za a ƙone tsohon kwalin tunda an riga an shigar da komai a kwamfuta, na ce mata a'a, na rubuta a jikinsa cewa kada a taɓa, na ɗora shi a saman kabad ɗin da ke kusa da firiza.